Fuskar wa ya kamata a gani a tallan ɗaukar soja?

Malam Tanimu:
Salamu alaikum jama'a. Bidiyon nan da aka jera tallan sojan Rasha da na Amurka ya sake dawowa yawo kamar jiya aka yi shi, alhali tun watan Mayun 2021 yake. Ga wanda bai gani ba: a na Rasha wani ƙato ne da aski ƙwal, yana motsa jiki, ya diro daga jirgi da lema, ya kwanta da bindiga yana saiti. Na Amurka kuwa zanen katun ne. Wata kofur mai suna Emma ce ke ba da labarin tasowarta a Kalifoniya, mata biyu da suka auri juna ne suka rene ta, ta girma ta shiga soja tana aiki da makamin kakkaɓo jirage na Patriot. Sanata Ted Cruz na Texas ya yaɗa haɗin yana cewa an dandaƙe rundunar. Zagi ya yi yawa har rundunar ta rufe wurin sharhi a YouTube. A shekarar kasafi ta 2022 sojan ƙasa na Amurka ya nemi kurata 60,000, ya samu wajen 45,000. Tambayata ga masu ilimin abin: tallan ne ya kori samari, ko an ɗora wa talla laifin da ba nata ba?

Mai Allon Talla:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin a yanke hukunci bari mu ga yadda ake gina irin wannan talla, don ba haka kawai wani janar ke farkawa ya ce a saka mace ko baƙar fata ba.

Tun 1973 Amurka ta daina ɗaukar soja na dole. Daga ranar sojan ya zama mai neman ma'aikata a kasuwa ɗaya da kamfanoni da jami'o'i, dole ya yi talla. Aikin ba a bariki ake yinsa ba, kwangila ake bayarwa. Ta yanzu kamfanin DDB ne ya ci a 2018, ta shekara goma, kuɗinta na iya kaiwa dala biliyan 4, aka kuma kafa ofishin da ke kula da ita a Chicago.

Ana farawa da raba mutanen da ake nufi gida biyu: matasa 'yan shekara 17 zuwa 24, da masu faɗa a ji a rayuwarsu, wato iyaye, malamai, kocin wasa, kawun da ya taɓa saka kaki. Sai a tambayi matasan abin da ke hana su. Ba a tambayar wanda tuni ya yanke shawarar shiga, shi ai ba ya bukatar talla, da ƙafarsa zai zo. Wanda ake fafutuka a kansa shi ne wanda bai taɓa hango kansa cikin kaki ba. Daga amsoshin sai a fitar da shingaye ɗaya bayan ɗaya: wannan na tsoron mutuwa, wancan na ganin zai yi asarar shekarun karatu, waccan na ganin wurin maza ne zalla. Kowane shinge da tallarsa. Sannan a nemo sojojin gaske masu labarin da ya dace, a ɗauka, a gwada wa ƙananan rukunin matasa, a gyara, a sayi gurbin nunawa.

Tallan Emma ɗaya ne cikin biyar da aka fitar tare ƙarƙashin suna The Calling. A cikin sauran akwai wanda aka haifa a Haiti, da wani ɗan Hawaii da ke mafarkin tuƙa jirgi, da wata mawaƙiya. Ba wanda ke tuna su yau. Kuma nan ne kuskuren farko na sana'a yake: talla ce da aka ɗinka wa mutum ɗaya, sai aka rataye ta a bakin kasuwa. A da idan ka saka talla a Ebony, mujallar baƙaƙen Amurka, masu karanta Ebony ne za su gani. Yanzu duk abin da ka ɗora a YouTube, cikin awa guda wani zai yanko daƙiƙa ashirin ya kai wa mutanen da ba don su aka yi ba.

Baba Manjo:
Yaro ka yi bayani, amma ka tsallake wurin da gizo ke saƙa. Soja a Amurka sana'ar gado ce. A 2019 kashi 79 cikin ɗari na sabbin kuratan sojan ƙasa suna da ɗan uwa da ya yi aikin, wajen kashi 30 uba ne ko uwa. Jihohin kudu, irin su Jojiya da Karolina da Texas, su ke ba da fiye da rabonsu. To idan uban yaro, tsohon saje, ya ga talla ya ji cewa rundunar da ya sani ta juya masa baya, ba sai ya rubuta wa kowa takarda ba. A kan tabarma, ko kan teburin cin abinci a wajensu, zai ce wa ɗansa ya nemi wani aikin. Ga lissafi: fararen fata da suka shiga sojan ƙasa a 2018 sun haura 44,000, a 2023 sun dawo 25,000 da 'yan kai. Kasonsu ya sauko daga 56 zuwa 44 cikin ɗari. Adadin baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka bai wani motsa ba. Wato ba a samu sababbi da yawa ba, an kuma rasa na gida.

Malam Tanimu:
Wannan adadin na Baba gaskiya ne, ba a musa shi.

Hajiya Maman Sadiq:
Ba a musa adadin ba Baba, dalilin ne ake ja. Ita kanta rundunar ta yi wa matasa 'yan 16 zuwa 28 tambayoyi a 2022, aka fitar da sakamakon a farkon 2023. Abin da ke kan gaba: tsoron mutuwa, tsoron taɓuwar ƙwaƙwalwa bayan yaƙi, rabuwa da dangi da abokai, da ganin cewa rayuwa za ta tsaya cak. Waɗanda suka ce siyasar fifita tsiraru ce ta hana su, wajen kashi 5 ne. Waɗanda suka ce mata da tsiraru za su fuskanci wariya a ciki, kashi 13. Ka ga tsoron da tallan ke ƙoƙarin kashewa ya ninka wanda ta tayar fiye da sau biyu.

Baba Manjo:
Yaran aka tambaya, 'yata. Wa ya tambayi iyayen?

Hajiya Maman Sadiq:
Nan kam ka kama ni, Baba. Yaro zai iya cewa tsoron mutuwa ne, bai san cewa shirun ubansa ne ya sanyaya masa gwiwa ba. Amma ka bar ni da wannan: a shekarar kasafi ta 2024 sojan ƙasa ya cika gurbinsa na 55,000, kuma adadin mata ne ya fi saurin ƙaruwa. Kusan mata 10,000 suka shiga, ƙarin wajen kashi 18 kan shekarar baya, na maza ƙarin bai wuce kashi 8 ba. Shekarar kasafinsu a ƙarshen Satumba take rufewa, wato an cika gurbin kafin zaɓen Nuwamba, kafin gwamnatin da ta soke tsarin ƙara wakilcin mata da tsiraru ta hau.

Injiniya Bello:
Ku yi haƙuri in shigo da rariya, don ina ganin ana ba talla girman da ba ta da shi, masu yabo da masu zagi duka.

Ka ɗauki matasan Amurka ɗari 'yan 17 zuwa 24. Bisa ƙiyasin Pentagon na 2020, 23 ne kawai za su iya shiga soja ba tare da an yi musu sassauci ba. Sauran 77 ƙiba ta tare su, ko ciwo, ko ƙwaya, ko shari'a, ko karatu. Kafin nan adadin 29 ne. Sannan masu sha'awar shiga a wajajen 2022 ba su wuce 9 cikin ɗari ba. Talla a kan wannan 9 ɗin take aiki. Ba ta rage wa kowa teɓa.

Wanda tallan ta motsa ya cika fom, ga abin da ke gabansa. Jami'in ɗiba zai kira shi. Zai zauna jarrabawar gwada basira ta shiga soja mai suna ASVAB, makin daga 1 zuwa 99, sojan ƙasa 31 yake nema a ƙalla. Zai je cibiyar tantancewa, akwai 65 a faɗin ƙasar, a auna tsawo da nauyi, a gwada ido da kunne da fitsari da jini. Sai zaɓen sana'a da sa hannu, sai jiran ranar tafiya wadda ke iya kai shekara, sai horon farko na mako goma.

A 2022, shekarar da adadin ya rushe, aka jona cibiyoyin nan da manhajar Genesis mai janyo tarihin asibitin mutum kai tsaye. A da yaron da ya yi asma yana ɗan shekara goma, ko aka taɓa rubuta masa maganin rashin natsuwa, shiru yake yi, wani lokacin ma jami'in ɗiba ne ke yi masa hannunka mai sanda. Yanzu komai na fitowa a allo. Kowane abu sai an nemo takardar likita, a aika sama neman sassauci, a jira makonni ko watanni. A daidai lokacin kuma rashin aikin yi ya sauko ƙasa da kashi 4, shaguna na rububin ma'aikata, ga korona ta rufe makarantun sakandare inda jami'an ɗiba ke farauta. Yaro na jira sai wani kamfani ya kira shi.

Abin da ya gyara lissafin kuma ba fuska ba ce a allo. A watan Agustan 2022 aka buɗe kwas ɗin share fage a Fort Jackson da ke Karolina ta Kudu: wanda makinsa ya tsaya tsakanin 21 da 30, ko kitsen jikinsa ya ɗara ƙa'ida da 'yan kaso, a riƙe shi har kwana 90 ana koyar da shi lissafi da karatu, ana sa shi gudu, ana auna masa abinci. Idan ya haye ya wuce horo. Dubbai suka shiga ta wannan ƙofar. A sa kuma a lissafi cewa an sauke gurbin daga 65,000 na 2023 zuwa 55,000 na 2024. Mai son ya ce tallan Emma ta kashe ɗiba, da mai son ya ce janye irinta ya farfaɗo da ita, duk sai sun bi ta kan waɗannan kafin su kai ga zancensu.

Mai Allon Talla:
Injiniya ya taɓo ciwon sana'armu. Auna talla a nan wahala ce. Ana iya ƙirga waɗanda suka kalla, da waɗanda suka danna, da waɗanda suka bar lambar waya. Amma tsakanin kallo da sa hannu watanni ne, wani shekaru. Yarinyar da ta ga talla tana 15 tana iya shiga tana 19. Wa za a ba ladan? A 2018 masu binciken kuɗi na rundunar suka gano an kashe miliyoyin daloli, sama da 30 a shekara guda, kan shirye-shiryen tallan da ba a iya nuna amfaninsu ba. Shi ya sa aka rushe tsohon ofishin aka koma Chicago.

Ga wani haɗarin kuma. A watan Maris na 2023 aka dawo da tsohon taken nan na 1980, mai cewa ka zama duk abin da za ka iya zama, aka ɗauko ɗan fim baƙar fata, Jonathan Majors, ya ja tallan. An tsara ta faɗo lokacin gasar ƙwallon kwandon jami'o'i, sa'ad da matasa ke manne da talabijin. Makonni kaɗan aka kama shi kan zargin cin zarafi, dole aka janye tallan da gurbin da aka riga aka biya. Ka ɗauko tauraro, abin kunyarsa ya zama naka. Ka ɗauko sojan gaske, zagin duniya ya sauka kan ƙaramin ma'aikacin da ba shi da kakaki. A Ingila ma an yi haka a 2019, aka saka fuskar wani soja a fosta ƙarƙashin kalmar da ake yi wa matasa shaguɓe da ita cewa ba su da juriya, abokan aikinsa suka mayar da shi abin dariya. Ƙa'idar ita ce a nuna wa sojan tallan a kammale, da rubutun da zai hau kan fuskarsa, ya sa hannu kafin a buga.

Ɗan Zangon Kumasi:
Tunda an shigo Ingila, nan ne zancen ya shafe mu kai tsaye, don 'yan Ghana da Najeriya na cikin sojan Birtaniya ta ƙofar ƙasashen renon Ingila. A Nuwamban 2018 aka cire sharaɗin zama shekara biyar a ƙasar, aka ce za a riƙa ɗaukar har 1,350 a shekara daga ƙasashen. Don haka idan kun ga an ce tsiraru sun kai wajen kashi goma na rundunar, ku sani babban kaso ba 'yan Birmingham ko Bradford ba ne. 'Yan Fiji ne, da Gurkawan Nepal, da 'yan Afirka da Karebiyan. Tallan na neman baƙar fata da Musulmin da aka haifa a Ingila, adadin kuma daga waje ake cika shi.

A Janairun 2018 suka fitar da jerin talla na wajen fam miliyan 1.6, kowace tana amsa tambaya ɗaya: zan iya yin addinina a soja? In hawaye ya zo min fa? Sai na zama ƙarfe tukuna? A ɗaya daga ciki, 'yan sintiri ne kan tsauni, soja Musulmi ya cire hular kwano, ya yi alwala da ruwan rafi, ya ta da salla. Rediyo ta fara ƙara, sai wani ya ɗaga hannu a yi shiru, suka zauna suna gadinsa har ya sallame. Kanar Richard Kemp mai ritaya ya soki jerin, yana ganin an bar masu sha'awar yaƙi an bi waɗanda ba za su zo ba. Janar Nick Carter, hafsan sojan ƙasa na lokacin, ya kare shi da cewa samarin fararen da aka saba ɗiba sun ragu a ƙasar, dole a faɗaɗa. Ni a ganina tallan sallar ta yi kyau, amma ta amsa tambayar da ba ita ce babba ba. Musulmin Ingila da Wales kashi 6.5 ne a ƙidayar 2021, a soja kuwa ɗaruruwa ne kawai a lokacin. Abin da ke tare su ba wurin shimfiɗa darduma ba ne. Iraƙi ce da Afghanistan, da abin da za a ce a masallacin unguwa.

Injiniya Bello:
Kuma ko da tallan ta ja su, ga abin da ke jiransu. Tun 2012 aka ba kamfanin Capita kwangilar ɗiba. Rahoton ofishin binciken kuɗin gwamnati na Disamban 2018 ya nuna daga cika fom zuwa fara horo ana iya shafe kwana 321, kashi 47 na masu nema da kansu suke janyewa a hanya, shafin intanet ɗin ya makara shekara huɗu, kuma ba shekarar da aka cika gurbi tun 2013, giɓin na tsakanin kashi 21 da 45. Talla ta kawo mutum bakin ƙofa, ƙofar ta ɗauki wata goma kafin ta buɗe.

Barista Zainab:
Ina so in raba abu biyu da ake cakuɗawa, don doka ta raba su: gayyata daban, zaɓe daban.

A dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010, sashe na 158 ya yarda ka yi talla musamman don mata ko tsiraru, ka je makarantunsu, ka shirya musu ranar ziyara. Sashe na 159 ya yarda idan mutum biyu sun yi kunnen doki a cancanta, ka ɗauki wanda rukuninsa ya yi ƙaranci. Iyakarta ke nan. Ba ka da ikon tsallakar da wani layi saboda jinsi ko launi.

Sojan saman Birtaniya ya ɗora wa kansa burin cewa nan da 2030 kashi 40 na sabbin shiga su zama mata, kashi 20 tsiraru. Da talla ta kasa kawo adadin, sai matsin ya gangaro kan masu ɗiba. A 2020 da 2021 aka gaggauta wa mutum 161, mata da tsiraru, shiga horo gaban wasu. Shugabar sashen ɗiba, Group Captain Elizabeth Nicholl, ta ƙi bin umarnin ci gaba da haka don ta ga ya saɓa doka, ta ajiye muƙamin a 2022. Binciken da aka fitar a Yunin 2023 ya tabbatar an yi wa fararen maza wariya ba bisa doka ba, aka biya mutum 31 fam 5,000 kowanne, hafsan sojan sama na lokacin, Richard Knighton, ya nemi afuwa. Matsalar ta faro ne daga mayar da buri ya zama ma'aunin aikin jami'i. Da zarar ƙarin girman mutum ya rataya a kan kaso, zai nemo kason ko ta halin ƙaƙa. Waɗanda suka fi cutuwa kuma har da matan da suka shiga da guminsu, don yanzu kowa na musu kallon alfarma.

Baba Manjo:
To Barista, ai maganata ke nan da wasu kalmomin.

Barista Zainab:
Rabinta ce, Baba. Kai talla kake tuhuma, ni layin zaɓe nake tuhuma. Tallar da ta nuna mace matuƙiyar jirgi ba ta ƙwace gurbin kowa ba.

Hajiya Maman Sadiq:
Ni damuwata ta ɗaya gefen ce: talla alkawari ce, wa ke cika shi? Amurka ta buɗe wa mata dukkan ayyukan fagen daga a farkon 2016, Birtaniya a Oktoban 2018. A 2017 sojan kundumbala na Marin ya fitar da tallarsa ta farko da mace ke jan gaba. Da kyau. Amma a Afrilun 2020 aka kashe wata soja 'yar asalin Latin Amurka, Vanessa Guillén, a barikin Fort Hood, bayan ta shaida wa danginta ana damunta da neman lalata. Kwamitin bincike ya samu sakaci, aka cire ko dakatar da shugabanni 14. Iyayen 'yan Latin Amurka, waɗanda aka shekara ashirin ana yi musu talla da Sifaniyanci, duk sun ga wannan a labarai. A Birtaniya kwamitin majalisa ƙarƙashin Sarah Atherton ya ji daga mata sama da 4,000 a 2021, kusan biyu cikin uku sun ce sun fuskanci cin zali ko tsangwama ko wariya.

Ku duba ƙananan abubuwa ma. Rigar sulke da aka yanka da ƙirar namiji: a jikin mace tana buɗewa ta hammata, farantin gaba ya sauko kan cinya in ta durƙusa, gindin bindiga ya ƙi zama a kafaɗa, in ta kwanta saiti kuma bayan rigar ya turo hular kwano ta rufe mata ido. A fosta ba a ganin wannan, don mai ɗaukar hoto ya riga ya daidaita komai da fil.

Malam Tanimu:
Haka batun gashi. A 2014 sojan ƙasa na Amurka ya fitar da ƙa'idar da ta haramta yawancin kitson da baƙaƙen mata ke yi, alhali wajen kashi 30 na matan da ke soja baƙaƙe ne, sun ninka kasonsu a cikin jama'a. Aka yi ca, aka sassauta. A 2017 aka yarda da dada, da hijabi, da rawanin Sikh, da gemu don addini. Ga kuma ƙurajen aski: gashin gemu mai nannaɗewa in aka kankare shi da reza yakan koma ya soki fata, wuya ya cika da ƙuraje da tabo, kuma baƙaƙen maza ya fi kamawa nesa ba kusa ba. Maganinsa a bar gemun ya ɗan tsiro, shi ya sa likita ke ba da takardar ɗage aski. A 2025 aka tsaurara wannan takardar. Saurayi baƙar fata da yayansa ke soja wannan labarin zai ji a waya, ko da fuskar wa aka saka a allo.

Mai Allon Talla:
Tsohon ciwo ne. A yaƙin duniya na biyu an buga fostar ɗan dambe Joe Louis cikin kaki, da ta Dorie Miller, ma'aikacin ɗakin cin abincin jirgin ruwa da ya kama bindiga a Pearl Harbor, alhali runduna a rabe take, baƙi daban farare daban, sai 1948 Shugaba Truman ya sa hannu a haɗe. Mata kuwa fostar lokacin cewa take ki zo ki karɓi aikin ofis don namiji ya samu tafiya yaƙi. A farkon shekarun 1970, zamanin da Admiral Zumwalt ke shugabantar sojan ruwan Amurka, sojan ruwa ya yi talla yana cewa kana iya zama baƙar fata kuma sojan ruwa. Baƙaƙe suka shigo, aka tura akasarinsu wanke-wanke da goge bene saboda makin jarrabawa. A Oktoban 1972 faɗan launin fata ya ɓarke cikin jirgin ruwan yaƙi na Kitty Hawk. Ko a 2020, lokacin da wajen kashi 43 na sojojin Amurka ba farare ba ne, cikin manyan janar-janar masu tauraro huɗu su 41, biyu ne baƙaƙe.

Ɗan Zangon Kumasi:
Malam Tanimu, a Najeriya fa? Ba launi ba ne, amma ina ganin akwai kama.

Malam Tanimu:
Akwai, sai dai a juye. A Najeriya masu nema sun fi guraben yawa, don haka sanarwa ake yi ba lallashi ba: shekara 18 zuwa 22 ga mara sana'a, har 26 ga mai sana'a, tsawo mita 1.68 ga namiji, 1.65 ga mace, a cika fom kyauta a intanet, a je tantancewa a jihar asali, sai Depot, wato sansanin horon kurata, irin na Zariya. Rabon kuma a rubuce yake tun kafin 'yanci: a 1958 aka sa rabin kurata daga Arewa, kwata daga Gabas, kwata daga Yamma, a 1961 aka miƙa tsarin ga hafsoshi, yau kuma jiha-jiha ake yi. Inda lallashi ke shigowa shi ne Kudu maso Gabas, inda rundunar ta sha kukan cewa matasa ba sa cika gurabensu, har tana aika manyan hafsoshi 'yan yankin su zaga wajen sarakuna da shugabannin al'umma. Aikin da tallan Amurka ke yi ke nan, amma baki da baki. Na mata kuma, a 2011 NDA, makarantar horar da hafsoshi ta Kaduna, ta fara ɗaukar mata a kwas ɗin hafsoshin yaƙi, su 20. A Oktoban 2019 sojan sama ya liƙa wa Kafayat Sanni da marigayiya Tolulope Arotile fukafuki, hotunansu suka zaga ƙasa ba tare da an sayi gurbi ba.

Baba Manjo:
Wannan hoton ya fi katun. Mutum ne ya yi aikin aka nuna shi cikin jirginsa. Da haka aka nuna Emma, tsaye gaban na'urarta tana bin jirgi a allo, da ban ce uffan ba.

Mai Allon Talla:
A kan wannan mun haɗu, Baba, kuma can suka koma daga baya: aikin a gaba, fuskoki iri-iri a cikinsa ba tare da an nuna su da yatsa ba. A ɗakin tace hoto ma akwai abin da ake ƙirgawa wanda mai kallo ba ya lura. Ba yawan fuskoki kaɗai ba, wa ke ba da umarni, wa ke riƙe da bindiga, wa ke riƙe da allura ko faranti, wa ya yi magana, daƙiƙa nawa. Za ka iya cika talla da mata amma duk a asibiti, ko baƙaƙe amma duk direbobi. Kuma in rundunarka mace ɗaya ce cikin shida, ka nuna rabi da rabi a kowane hoto, sojojin da ke ciki su ne za su fara yi maka dariya a intanet.

Injiniya Bello:
Abin da zan so a bibiya shi ne na Baltimore. A Fabrairun 2025 rundunonin suka janye daga taron karrama injiniyoyi baƙar fata da ake yi a Baltimore, wanda suka daɗe suna ɗiba a cikinsa. Wurin ba na sojan ƙafa ba ne, masu digirin lantarki da kwamfuta ne, irin waɗanda sashen sadarwa da na tsaron intanet ke nema ruwa a jallo. Adadin shekara ba zai nuna tasirin ba, don an cika 61,000 na 2025 tun watan Yuni. Sai an buɗe lissafin sana'a-sana'a, a ga guraben fasaha nawa suka cika da masu maki sama da 50, nawa kuma aka cike da 'yan kwas ɗin share fage.

Barista Zainab:
A haɗa da adadin waɗanda suka kammala kwantiragin farko, a rabe mata da maza. Wanda ya fita a wata na shida an ƙirga shi a ɗiba, kuɗin horonsa kuma ya tafi.